Me ya sa mutane ke sauke manhajata, sannan su koma WhatsApp?

Tambaya: Na kashe kuɗi an gina mini manhajar sayar da data da katin waya da biyan kuɗin wuta. Mutane suna saukewa, amma kaɗan ne ke kammala rajista. Cikin waɗanda suka kammala ma, da yawa sun koma turo mini kuɗi da lambarsu ta WhatsApp in loda musu da hannuna. Wani mai zane ya ce in biya shi ya sake wa manhajar launi da tambari da hotuna. In biya, ko akwai abin da ya fi wannan?

Riƙe kuɗinka tukuna, Malam. Aikin mai zane yana da ranarsa, ranar ce ba ta zo ba.

Kwastomomin naka sun riga sun nuna maka inda ciwon yake, ko da ba su buɗe baki ba. Mutumin da ya bar manhaja ya koma WhatsApp bai daina son datarka ba, bai kuma raina farashinka ba, tunda har yanzu kai yake kawo wa kuɗinsa. Hanya kawai ya sauya. A WhatsApp ya tura kuɗi, ya tura lamba, ya ga ka rubuto "an saka", magana ta ƙare. In kuma data ba ta shiga ba, ya san wanda zai ci wa kwala. Da wannan sauƙin da wannan kwanciyar hankalin manhajarka take kokawa, kuma a yanzu ita ce a ƙasa. Sabon launi ba zai tashe ta ba.

Abin da masu sana'armu ta tsara manhaja ke kira UX, wato yadda mutum ke ji da amfani da kaya, ya fi zane faɗi. Don Norman ne ya yayata sunan lokacin da yake aiki a kamfanin Apple a farkon shekarun 1990, kuma yana nufin duk abin da mutum ya ci karo da shi tun daga ranar da ya ji labarin kayanka, zuwa saukewa, zuwa sayen farko, har zuwa ranar da abu ya lalace yana neman wanda zai kai wa kuka. Kyau yana ciki, ban musa ba. A 1995 wasu masu bincike biyu a kamfanin Hitachi na Japan, Kurosu da Kashimura, sun nuna wa mutane zane-zanen allon ATM iri-iri, sai suka tarar wanda ya fi kyau shi mutane ke ɗauka ya fi sauƙin amfani, ko da ba haka abin yake ba. Wato kyau yana jawo maka ɗan haƙuri daga kwastoma. Amma haƙurin ƙananan abubuwa ne. Wanda aka cire wa dubu biyu bai ga data ba, ko da ruwan gwal ka wanke manhajar ba zai dubi kyanta ba.

Kafin ka taɓa komai, ka zauna ka kalli mutane suna amfani da ita. Wannan ne aikin da ya fi kowanne arha kuma ya fi kowanne amfani, shi ne kuma wanda masu manhaja suka fi gudu, saboda babu daɗi mutum ya ga ana fama da abin da ya ɗauka ya ƙware a kai. Ba taro za ka tara ba. Jakob Nielsen, masani a wannan fage, ya wallafa a shekarar 2000, bisa lissafin da suka yi da Tom Landauer tun 1993, cewa mutum biyar sukan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin da ke hana amfani da manhaja. Daga na shida sai ka riƙa ganin maimaici. Sharaɗin shi ne mutanen su zama masu buƙata iri ɗaya. Kai kuwa ina zaton kwastoma iri biyu gare ka: mai saya don kansa, da mai saro don ya sayar a shago ko a unguwa. To ka samo uku ko huɗu daga kowane ɓangare.

Kada ka ɗauko abokanka masu ilimin kwamfuta, kada ka ɗauko wanda ya gina ta. Nemo mai shayin bakin layinku, da matar auren da ke tallar atamfa a waya daga cikin gida, da dattijon da sai ya nisanta waya da fuskarsa yake iya karatu, da ɗaliba. In mace za a gwada da ita, bari ƙanwarka ko maiɗakinka ta zauna da ita, za ta fi sakin jiki. A yi da wayar mutumin, da layinsa, a inda ya saba zama, ba da babbar wayarka a ofis mai intanet mai ƙarfi ba. Ka tura masa naira dubu ɗaya ka ce: "Ƙanenka ya kira ya ce datarsa ta ƙare, saka masa ta wannan manhajar." Shi ke nan. Kada ka ce danna nan, kada ka nuna da yatsa. Gaya masa tun farko cewa manhajar ake gwadawa ba shi ba, duk inda ya maƙale laifinta ne. Ka roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani a fili. Sannan ka kama bakinka, wanda shi ne mafi wuya a duk aikin. In ya ɗago ya ce "yanzu ina zan taɓa?", ka ce masa "da ba na nan, ina za ka taɓa?"

Tambaya ɗaya ce na hana ka: "Ya ka gan ta, ta yi kyau?" Mutanenmu suna da kara. Wanda ka ba kujera da lemo ba zai dubi tsabar idonka ya ce abinka bai yi ba. "Masha Allah, ta yi sosai, Allah ya sa albarka" zai ce, alhali minti huɗu ya yi yana neman inda ake saka kuɗi. Kada ka rubuta abin da bakinsa ya faɗa, rubuta abin da babban yatsansa ya yi: inda ya tsaya cak, inda ya danna abin da ba madanni ba ne, inda ya koma baya, inda ya yi tsaki.

Ban ga manhajarka ba, amma na ga 'yan'uwanta da yawa, don haka bari in faɗa maka abin da nake sa ran za ka gani.

Na farko rajista ce, kuma ka riga ka ce a nan ake zubewa. Yawancin irin waɗannan manhajojin ana gina su ne a kan samfurin da aka saya, sai su zo da fom mai gida takwas ko tara: sunan farko, sunan ƙarshe, sunan shiga, imel, lambar waya, adireshi, kalmar sirri, maimaita kalmar sirri, lambar wanda ya gayyato ka. Duk wannan kafin mutum ya ga ko nawa ne giga ɗaya. Ka ɗauki kowane gida ka tambayi kanka: in na cire wannan, data za ta ƙi shiga? Imel shi ne babban mai kisa. Mutane da yawa yaron shagon waya ne ya buɗe musu imel ranar da suka sayi wayar don su samu shiga Play Store, ba su san adireshin ba balle kalmar sirrinsa. In ka ce sai an buɗe imel an danna saƙon tabbatarwa, ka sallami rabin layi. Lambar waya ta isa ta zama shaidar mutum. Kalmar sirri mai babban baƙi da ƙaramin baƙi da lamba da alama, ita ma mayar da ita lambar sirri ta alƙaluma kamar ta katin banki, wadda kowa ya saba da ita, ka iyakance yawan kuskuren da za a iya yi kafin a kulle. Farashi kuwa ka bar shi a fili tun kafin rajista. Mutum ya ga kaya, ya ga kuɗinsu, ransa ya biya, sannan ka nemi lambarsa.

Gidan suna ma yana da nasa tarkon. Fom da yawa ba sa karɓar waƙafin sama, sai Sa'adatu da Rabi'u da Mas'ud da Isma'il su rubuta sunansu daidai a ce musu sun yi kuskure. Wasu ba sa karɓar ƙ da ɗ da ɓ. Raba suna gida biyu ma ba lallai ba ne ga mai sayar da data: wani sunan mahaifinsa yake sawa a ƙarshe, wani na kakansa, wani na garinsu, kuma ba kullum iri ɗaya yake sawa ba. Gida ɗaya, "Sunanka", ya wadatar, sai in doka ce ta tilasta maka sunan ya dace da na banki.

Wannan ya kawo mu kan BVN da NIN. Tun watan Disamban 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce asusu da lalitar kuɗi ko mafi ƙanƙanta sai an haɗa su da ɗaya daga cikin biyun, don haka wataƙila kamfanin da ke buɗe wa kwastomominka asusun saka kuɗi ya matsa maka lamba. To amma ka tuna shekara da shekaru ana yi wa mutane gargaɗi a rediyo da saƙon banki cewa kada su ba kowa BVN ɗinsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. In ka ɗora wannan gidan a shafin farko babu bayani, a idonsa kai da ɗan damfara ba ku da maraba. Jinkirta shi zuwa lokacin da ake buƙatarsa da gaske, ka rubuta dalili a jimla ɗaya da harshen mutane, ka faɗi wanda zai riƙe lambar. Ka kuma lura cewa BVN da NIN da lambar waya duk alƙaluma 11 ne, mutane suna musanya su. Rubuta a ƙarƙashin gidan cewa *565*0# yana nuna BVN, *346# yana nuna NIN, a layin da aka yi rajista da shi, kuma ana cirar ɗan kuɗi. Wannan layi ɗayan zai rage maka kira.

Sai lambar tabbatarwa da ake turowa ta tes. A nan ka sa ido sosai lokacin gwaji, domin akwai abin da ba za ka taɓa gani a wayarka ba. Mutum ya cika fom, an ce an tura masa lamba. Ya fita daga manhaja ya buɗe akwatin saƙo, ya haddace alƙaluma shida, ya dawo. Wayar tasa ƙaramar itel ce ko tsohuwar Tecno mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, da fitarsa ta kashe manhajarka don ta samu sararin buɗe saƙo. Yana dawowa sai ya tarar da shafin farko, fom fayau, duk abin da ya rubuta ya tafi. Ya sake cikawa, a ce masa wannan lambar waya tana da rajista. Ya je shiga, a ce bai tabbatar da asusunsa ba. Ba gaba ba baya. Wannan mutumin ba zai kira ka ya yi bayani ba, gogewa zai yi. Maganin yana hannun mai gina manhajar: ta riƙa tuna inda mutum ya tsaya, ta yi amfani da hanyar da Android ya tanada ta karanto lambar da kanta, a tsawaita wa'adin lambar saboda tes yakan makara, a kuma ba da zaɓin turo ta ta WhatsApp ko ta kira.

In mutum ya tsallake rajista, sai ya faɗa cikin yaren 'yan kasuwar data. SME, Gifting, Corporate Gifting, ga su a jere, kowanne da jerin farashinsa. Kai ka san bambancinsu, mai saro ya sani. Hajiyar da ke son giga biyu ba ta sani ba, ba ta kuma da buƙatar sani. Abu uku take tambaya: nawa ce datar, nawa ne kuɗin, kwana nawa za ta yi. Nuna mata waɗannan, mafi arha a sama, sauran sunayen ka ajiye wa masu saro a nasu shafin. Haka gidan lambar waya: ya buɗo madannan alƙaluma ba na haruffa ba, ya karɓi lamba ko da 0 ta fara ko da +234, ko da tazara a tsakani, ya kuma bari a zaɓo daga sunayen da ke cikin waya. Yana da kyau manhaja ta ga 0803 ta zaɓi MTN, ta ga 0805 ta zaɓi Glo, ta ga 0802 ta zaɓi Airtel. Amma tun 2013 ana iya ƙaura da lamba daga wani kamfani zuwa wani a Najeriya, saboda haka hasashe ne kawai, ka bar wa mutum damar gyarawa.

Yanzu ga wurin da nake ganin kasuwarka take mutuwa ko rayuwa: 'yan daƙiƙun da ke kewaye da fitar kuɗi.

Kafin kuɗi su fita, mutum yana son ya ga abin da zai faru da idonsa, a jimla ɗaya: za a saka giga 2 ta MTN a lamba kaza, za a cire naira kaza, zai rage maka kaza. Lambar da manyan alƙaluma, a rarrabe. In kuɗin wuta ne, sunan da ke kan mitar ya fito kafin a biya, kamar yadda manhajar banki ke nuna sunan mai asusu da zarar ka gama rubuta alƙaluma goma. Wannan sunan da ke fitowa ya ceci kuɗin mutane fiye da kowane gargaɗi. "Ka tabbata?" kaɗai ba tambaya ba ce, domin kowa "eh" yake dannawa. Kada ka ɗauka marasa boko kaɗai wannan ke kayarwa. A watan Agustan 2020 masu yi wa bankin Citibank na Amurka aiki sun tashi biyan kuɗin ruwa na kusan dala miliyan 8 ga masu bin kamfanin Revlon bashi, sai suka tura kusan dala miliyan 900 na bankin. Manhajar da suke aiki da ita tana buƙatar a cika gida uku don uwar kuɗin ta tsaya a cikin banki, su kuwa ɗaya suka cika, wanda sunansa ya fi kama da abin da suke nufi. Mutum uku suka duba suka amince. Gargaɗi ya fito cewa kuɗi za su fita daga banki, amma bai faɗi nawa ba. Wasu masu bin bashin suka ƙi mayar da kusan dala miliyan 500, kotu ta goyi bayansu a 2021, sai a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin. Ƙwararru uku kenan, a ofis mai sanyi. Kwastomanka kuwa a kan babur yake, rana na dukan allon wayarsa.

Haka in akwai abin da ake cirewa wurin saka kuɗi a asusu. A ce mutum ya turo dubu ɗaya ya ga 950, ba a gaya masa ba tun farko. Ba hamsin ɗin ce za ta ɓata masa rai ba, datar dubu ɗayan da yanzu kuɗinsa ba su kai ba ce, da jin cewa an yi masa wayo. Faɗa masa kafin ya tura, a wurin da lambar asusun take.

Bayan ya danna kuma, kada manhaja ta yi shiru. Ka ɗauka ka miƙa wa mai shago kuɗi, ya karɓa ya juya maka baya bai ce uffan ba, bai kuma miƙo kaya ba. Haka da'irar nan mai juyawa take a zuciyar kwastoma. Akwai ƙa'idar lokaci da aka daɗe da sani a wannan fage: abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum yana jin nan take ne, daƙiƙa ɗaya ba ta katse masa tunani, daƙiƙa goma kuwa ita ce iyakar da hankalinsa zai tsaya. Ba ka da iko da saurin kamfanin waya, amma kana da iko da abin da allo ke faɗa. Da an danna, madannin ya mutu, kada a iya danna shi sau biyu, domin in sabis ya yi nauyi mutum sai ya yi ta dannawa, a cire masa sau uku. Rubutu ya fito: mun karɓi kuɗinka, muna jiran MTN. In ya wuce minti ɗaya: har yanzu ba su amsa ba, kuɗinka suna nan, kada ka sake saye, in ba ta shiga ba zuwa lokaci kaza za su dawo asusunka da kansu. Sannan ka cika wannan alkawarin ba sai an kira ka ba. "Pending" tsirara, ko "Transaction failed" da wata lambar kuskure, ba su amsa tambayar da ke cin mutum ba, wato ina kuɗina. Kowane saƙon kuskure ya faɗi abin da ya faru, da halin da kuɗi ke ciki, da abin da mutum zai yi yanzu.

In an gama, a ba shi rasit da zai iya turawa ta WhatsApp da taɓawa ɗaya, domin sau da yawa wani ya saya wa, ko kwastomansa na tsaye yana jiran shaida. Lambar wuta alƙaluma 20 ce: a raba ta huɗu-huɗu, a sa madannin kwafa, a ajiye ta a tarihin saye inda za a same ta gobe, a kuma tura ta tes. Mutum yana tsaye gaban mita a duhu da tocilar waya, ba lokacin laluben shafuka ba ne.

Maganar waya da sabis ba zan tsawaita ba, amma kada ka raina ta. Tambayi mai gina manhajar nauyinta. Mai wayar da kullum take kukan ta cika, in zai ɗauki hoton biki sai ya goge wani abu, kuma manhajar da ta fi nauyi ita ke fara tafiya. Facebook da duk arzikinsa ya fitar da Facebook Lite a 2015 da nauyin da bai kai megabait ɗaya ba, a shekarar ce kuma ya fito da tsarin rage wa ma'aikatansa saurin intanet zuwa na 2G ranar Talata don su ɗanɗana abin da masu amfani ke sha. Kai ba sai ka yi dabara ba, fita bayan gari ka gwada. Mutum yakan zo sayen data ne lokacin da tasa take gab da ƙarewa, don haka hotunan talla masu zagayawa a shafin farko cin amanarsa ne. Madannai su yi girma: Google na ba da shawarar kada su gaza 48 a ma'aunin allon Android, Apple na cewa 44 a nasa, kusan faɗin kan yatsa kenan. Rubutu mai ruwan toka a kan fari, wanda masu zane ke ƙauna, ɓacewa yake yi a rana. Ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, wato WCAG, ta ce bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma akwai shafukan da ke auna wannan kyauta. Alama kuma kada ta tsaya ita kaɗai, a rubuta sunanta a ƙasa. Layuka ukun nan na kusurwa, mutane da yawa ba su san ƙofa ba ce.

Kada ka yi ƙoƙarin zama daban a inda ba a buƙata. Kwastomanka ya fi daɗewa a cikin OPay da PalmPay da manhajar bankinsa fiye da taka, hannunsa ya riga ya koyi inda ake ganin ragowar kuɗi, inda tarihi yake, yadda ake saka lambar sirri. Bi sawunsu, ka ci gajiyar karatun da wasu suka koyar. Ko hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, abin da ta yi kenan a 2023 da ta haɗe lambobin kamfanonin waya: *310# duba kuɗi, *311# loda kati, *312# sayen data, ko wane layi kake riƙe da shi.

Za ka so ka saka Hausa, kuma ina goyon baya, da sharaɗi. A rubuta Hausar da ake yi a bakin shagon POS, ba wadda aka ƙirƙiro a kan tebur ba. Mutane data suke cewa, da kati, da alat, da tiransifa. In ka kawo musu kalmar da ba su taɓa ji ba don gudun aro, sai su koma Turancin da ba su iya ba amma sun haddace siffarsa. Kada a ba na'ura fassarar a liƙa ba tare da mutum ya karanta a kan allon ba, a kuma duba ko salon rubutun da aka zaɓa yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ daidai, ba akwati ba. Zaɓin harshe ya fito a shafin farko. Ga wanda karatu ke yi wa nauyi, ɗan madannin da zai karanta masa shafin tabbatarwa da murya ya fi kowane hoto amfani. Ka duba wayarka ka ga nawa ne cikin masu yi maka oda suke turo murya maimakon rubutu.

Wata gajeriyar nasiha, tunda wani zai ba ka shawarar: kada ka bar akwatin sabunta saye kai-tsaye a cike tun kafin mutum ya zaɓa, kada ka ɓoye hanyar fita, kada ka sa agogon ƙarya na "saura minti biyar garaɓasa ta ƙare". A Amurka hukumar kare masu saye ta sa kamfanin Epic Games ya amince da biyan dala miliyan 245 a 2022 kan madannan da ke sa mutane saye ba da niyya ba. Kai tun kafin hukuma ta ji labarinka, zauren WhatsApp na unguwa ya gama da sunanka.

Ka sa mai gina manhajar ya fito maka da alƙaluma huɗu duk mako: nawa suka buɗe, nawa suka kammala rajista, nawa suka saka kuɗi, nawa suka sake saye a karo na biyu. Inda ramin ya fi zurfi nan za ka fara. Gyara abu biyu ko uku, ka sake zama da wasu sabbin mutum biyar, ka duba ko alƙaluman sun motsa. Zagaye uku na wannan ya fi gyara ɗaya babba, domin in ka sauya komai a lokaci guda ba za ka san abin da ya yi aiki ba, tsofaffin kwastomomi kuma su wayi gari ba su gane gidansu ba.

WhatsApp ɗin ma kada ka yaƙe shi. Sa madanninsa a cikin manhajar, a kowane rasit da kowane saƙon kuskure, ya buɗe da lambar cinikin a rubuce don kada ka tsaya tambaya. Mutum ya fi sakin kuɗinsa a manhajar da ya san akwai ɗan'adam a bayanta. Ka kuma koma ka karanta saƙonnin wata uku da suka wuce, ka ware su: masu cewa kuɗi ba su shiga ba, masu cewa sun manta lambar sirri, masu tambayar wace data za su saya. Tarin da ya fi tsayi shi ne aikinka na farko.

Bayan wannan sai ka kira mai zanen, ka miƙa masa takardar abin da ka gani. Ka saurari tambayarsa ta farko. In ya tambaye ka su wa ke saye, da wace waya, a ina suke tsayawa, ya kuma yarda ya zauna a gwaji na gaba, ku yi ciniki, ka ce ya fara da shafin rajista da na tabbatar da biya. In kuwa tambayarsa ita ce wane launi ka fi so, ba shi aikin tambari da hoton talla, ka nemi wani don sauran.